Saƙon Likita Ta Hannun Jaki

Yau Talata. Ƙafa ta ɗan saki, tari yana nan. Na daɗe ban rubuto muku ba, har wasu sun fara yi mini addu'ar mamata. Ina raye.

Na ga kuna gardama kan haihuwa ta hanyar fiɗa. Ga abin da na gani.

Zamanin Turawa, ina koyarwa a elementare ta Kankiya, mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ta tafi goyon ciki gidansu a Yashe. Naƙuda ta yi tsawo, ɗa ya ƙi fitowa. An sha rubutu, an sha jiƙo, shiru. Aka ɗora ta kan buhunan gyaɗa a mota, sai asibitin birni.

Aka yanka, aka ciro, aka ɗinke. Ɗan fari ne, dole na yi kamar ban san ana yi ba.

Ranar sallama likita Bature ya kira ni, tunda ni ke jin Turanci. Ya ce, "Ban da wankan jego. Tafasasshen ruwa ya taɓa ɗinkin nan, zai ruɓe."

To, wa zan faɗa wa? Surukata, wadda ban taɓa haɗa ido da ita ba.

Na isa Yashe na hango tukunya tana tafasa, ga ganyen runhu. Na laɓe bayan darni inda jakinsu yake ɗaure, na ɗaga murya.

"Kai jaki! Likita ya ce ban da ruwan zafi a ɗinki!"

Can sai muryar tsohuwa daga ciki: "Jaki, ce ma ɗan boko ɗiya tara na haifa, ba Bature ya dafa mani ruwa ba."

"Jaki, ai su taran ba yanka aka yi ba."

Mai jego ta tuntsire da dariya, sai ta dafe ciki tana salati. Tsohuwa ta ɗaga zane. Sai a ranar ta ga ɗinkin da idonta.

"Jaki, ce mashi an sauke tukunya."

Duk da haka zazzaɓi ya kama mai jego, ɗinki ya yi ruwa. Muka yi ta zaryar disfensare ana wanki, sai da kaka ta wuce sannan ta miƙe. Alhamdulillahi.

Shawarata: ku kai mai naƙuda asibiti da wuri, ku kula da ɗinki, zazzaɓi ya zo ku koma. Ku faɗa wa suruka gaskiya, ko da ta hannun dabba ne.

Yaron da aka ciro, yanzu har da furfura, ya ce zai zo yau. An yi la'asar, bai zo ba. Da ma shi sai an je an ɗauko shi.