Sirajo da Fitilun Motar Hajiya

Sirajo mai wayarin bai taɓa zama a aji ba. A fadamar Zauro ya fara, yana gyara wa manoman shinkafa injin ban-ruwa, kuma can ya koyo halin nan nasa mai ba da haushi: sai ya ishe ka da tambaya kafin ya kwance ko noti ɗaya. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ma'aikata suka taso daga Sakkwato da motocinsu, sai ya kafa rumfa a unguwar Nasarawa. Gajere ne, ga yarda da kai. In ya ce ga inda matsala take, kada ma ka ɓata bakinka.

Ni Maigandi, shekara goma sha shida ina tuƙa Hajiya Mansura, mai koyar da matan aure karatu a Gesse. Ɗanta ya aiko mata da mota ƙirar Amurka. Ba a yi mako ba fitilun gaba suka fara kamawa da kansu da rana tsaka, duk abin da na murɗa ba sa mutuwa. A hanyar Argungu kowa sai ya yi mana nuni da hannu. Mata suka shiga cewa Malama ta yi mota, tana yawo da wuta kamar ayarin gwamna. Wannan magana ta yi mata ciwo. Masu gyara biyu suka yi ta yanke-yanken waya a banza. Ta ce sakacina ne, ta karɓe makulli, in ba a gyara ba ran Laraba in nemi wani aikin. Na tsorata, 'ya'ya bakwai gare ni.

Na ɗauko Sirajo har gida, Hajiya ta aiko masa da makulli. Ya ta da motar, ya zauna yana kallo.

"Ran da taz zo, hitilun na kamawa da rana?"

Na ce a'a.

"To mi anka ƙara mata?"

Na ce ba komai, sai shimfiɗa mai gashi da na sayo na ɗora a dashbod, gaban sitiyari. Ya yaye ta. Jim kaɗan fitilun suka mutu. Ya nuna wani ɗan baƙin abu kamar maɓalli a gindin gilashi.

"Wanga shi na idonta. Ka ruhe shi, ita ko ta aza dare ya yi."

Ashe dai ni ne. Hajiya ta fito, na yi masa ido ya rufa mini asiri. Ko kallona bai yi ba.

Ta ce, "Wa yal lalata ta?"

"Ba ta lalace ba, Hajiya. Direbanki yas saya mata mayahi daga aljihunai, don kar rana ta ƙona ta. In kin sallame shi ki aiko min shi, akwai masu biɗar irinai."

Hajiya ta daɗe tana kallon shimfiɗar. Sannan ta karɓi makulli wurin Sirajo ta miƙo mini.

"Maigandi, ka yahe min. Maida abinka, amma ka huda mata wurin ido."