Reno, Kiwo, Jinya da Riƙo

Wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma bin dama. Ina zaune kan rumfar gadi a gonar Babanmu da ke bayan garin Bungudu, ƙanena Bello yana goye a bayana, igiyar gwangwanaye tana hannuna. Ruwa bai wadata ba a shekarar, geron da ya yi ƙwaya kaɗan ne, don haka ba a barin gona ita kaɗai. Da tsuntsaye sun taso daga wajen gulbi sai in ja igiya, gwangwanaye su kaure, in yi ta ihu har maƙogwarona ya bushe. Bello ya saba. Sai dai ya ƙara manna kuncinsa a bayana ya ci gaba da barci.

Ina nan sai ga Lawali, ɗan baffana, ya taso daga firamare da gajeren wandonsa, ƙafa duk laka. Ya hau rumfar ya ce malaminsu ya ba su wata magana ta Turanci mai kalma biyu, "luk afta", ya ce kowa ya kawo duk kalmomin Hausa da suka yi daidai da ita, wanda ya kawo kaɗan zai sha bulala. Shi kuwa "kula" kaɗai ya samu. Ni ban taɓa shiga aji ba, har yau ban san baƙi ba, amma na ce ya faɗa mini inda ake sa ta.

"Kulu, mi kike yi da Bello?" Na ce reno. "Tumakin Inna fa?" Na ce, "Kiwo mana, kai baƙo ne?" Ya nuna gona, na ce gadi. Ya ce to duk wannan Bature abu ɗaya yake ce masa. Na ce, "Lallai Bature malalaci ne, tunda jariri da tunkiya duk ɗaya ne a bakinsa." Muka yi dariya har Bello ya farka. Muka ci gaba da tono kamar masu tsintar gyaɗa bayan an yi haƙa. Na tuna jinya, don a lokacin ni ke gasa wa Kaka ƙafarta. Shi ya kawo tsaro da lura, ni na kawo tattali. Can ya ce, "Akwai riƙo ma." Yana faɗa sai ya sunkuyar da kai yana ɓantare busasshiyar laka daga ƙafarsa. Da na matsa masa ya ce ya ji manya a zaure: Goggo Asabe, yayar Baba da ke aure a Tsafe, ta roƙi a ba ta ni, kuma an amsa. Bayan girbi za ta zo.

Tsafe ba ta dame ni ba, Bello na tuna. Tun yana wata uku aka ɗora mini shi. Da shi nake zuwa gulbi ɗiban ruwa, da shi nake tsinko tafasa da rama don kwaɗon rana. In muna carafke a gindin tsamiya sai in zaunar da shi tsakanin ƙafafuna yana wawurar duwatsun, 'yan mata suna cewa in kwashe ɗana ya ɓata musu wasa. Ni ke tauna masa ƙuli-ƙuli in sa masa a baki, ni ke hura masa koko a ludayi. In ya yi kuka ko Inna ba ta iya rarrashinsa sai da nono, ni kuwa da jijjiga kaɗai yake yin shiru.

Ba wanda ya yi mini mugunta, haka ake yi. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, kuma tana da haƙƙi kan 'ya'yan ƙanenta. Ni 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunana, sai dai "ke", ba ta kuma da bakin cewa a bar mata ni, don abin kunya ne. Ga shekara ta zo da ƙarancin hatsi. Na je wurin Kaka ina kuka, na ce a haɗa ni da Bello, ko a jira a yaye shi. Ta ce, "Ba a raba mai shan nono da uwa tai. Ke ko ba sayar da ke aka yi ba, gidanku za ki."

Ranar tafiya da hantsi, Inna ta zo bayana ta kwance zanen goyon da hannunta, ta miƙa Bello ga Rabi, ƙanwar Lawali. Ba ta dube ni ba. Ta koma bakin turmi ta ɗauki taɓarya. Na san ɗan geron da ke ciki ya riga ya zama gari, ni na tankaɗe na fari, amma ta ci gaba da daka. Har ni da Goggo muka fita zaure muka kama hanyar bakin titi ina jin taɓaryar, ina jin kukan Bello a ƙarƙashinta.

Muka shiga babbar mota zuwa Gusau, muka sake wata a tasha, muka sauka Tsafe da la'asar, garin manyan duwatsu. Goggo ta riƙe ni da amana, Allah ya jiƙanta. Fura take yi, ita ta koya mini kirɓi da cura, ta saya mini ɗan kunne, ba ta taɓa kwana da ƙoshi ni da yunwa ba. Amma na daɗe ina kai hannu baya in gyara goyon da babu shi. Kuma ba a kai 'yar riƙo gida sai ta saba, kada ta ƙi komawa. Damina biyu ban ga Bungudu ba.

Da Babbar Salla aka kai ni. Na ƙulle nakiya a bakin zane, ban ci ko ɗaya ba. Na tarar da Bello a tsakar gida yana bin kaza da gudu. Na durƙusa na buɗe hannu na kira shi. Ya tsaya ya dube ni, sai ya ruga ya ɓuya bayan Rabi yana cewa, "Wace ce wagga?" Matan gida suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Daga nan na zagaya bayan rumbu.

A can Lawali ya same ni. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya ce, "Wallahi ya neme ki, Kulu. Ya ƙi koko, ya rame. Kullum sai ya rarrafa bakin zaure yana kiran Ulu, Ulu. Da idona na gani." Na ce ya sake faɗa, ya sake.

Shi na aura daga baya, da yardata. Shekarun da muka yi tare, in raina ya ɓaci nakan ce ya ba ni labarin Bello a bakin zaure. Sai ya ce, "Tsohuwar ga, ba ki gajiya?" Amma bai taɓa hana ni ba, bai kuma taɓa rage komai a ciki ba. Bara da rani ya rasu a hannuna. Jikata da ke rubuta wannan ta ce in tsaya in share hawaye, na ce ta rubuta kawai.

Yanzu ba a cika ba da riƙo ba, wanda aka kai nesa kuma ana ganin fuskarsa a waya kowace safiya, ƙaninsa ba ya samun damar mantawa. Ina yi wa yaran yau murna. Bello yana Sabon Gari a Gusau, dattijo ne da furfura, mutumin kirki. Da ya zo ta'aziyya ya zauna can gefen tabarma, ya ce, "Yaya, ya haƙuri?" kamar yadda ake ce wa kowace babbar 'yar'uwa. Na so in faɗa masa cewa ya taɓa ƙin abinci saboda ni, amma mai shaidar yana kabari, Inna da Kaka sun daɗe da tafiya. Na amsa masa da godiya kawai. Ni kaɗai na rage da na san nauyinsa a bayana.