Gargaɗin da Na Rufe Ban Karanta Ba

A lokacin ina ma'aikaciyar ba da magani a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa da Dala, ina alfahari da saurin hannuna. Mulkin farar hula ya daɗe da dawowa, asibitinmu ya ajiye katin takarda ya koma kwamfuta. Kusan duk maganin da likita ya rubuta sai wani jan gargaɗi ya fito a fuskarta, ko da na ciwon kai ne. Tun muna karantawa har muka gaji. Yatsana ya saba rufe shi tun kafin idona ya sauka a kai.

Wata Alhamis da hantsi, layi har bakin ƙofa, wani dattijo maɗinkin hula ya zo karɓar maganin tari. Gargaɗin ya fito, na rufe, na miƙa masa, ya sa mini albarka ya tafi. Sai bayan azahar, da na koma kan bayanansa don in cike abin da na tsallake, na ga an rubuta cewa jikinsa ba ya karɓar irin wannan maganin, ya taɓa kumbura har numfashinsa ya sarƙe. Likitan ma ashe rufewa ya yi. Na nemi lambar wayarsa, na tarar da sifili zalla, domin kwamfutar ba ta wucewa sai an cike gurbin, masu rajista kuwa haka suke yi idan mutum bai haddace lambarsa ba. Adireshi kuma sunan unguwa kawai aka sa, Sheshe.

Na gaya wa shugabata, na tari adaidaita, sauran hanyar na bi da ƙafa lungu-lungu, ina tambayar gidan tsoho mai ɗinkin hula da ke fama da tari. Gida biyu aka nuna mini ba shi ba ne. Ana kiran la'asar na same shi a soro, leɓɓansa sun kumbura, yana jan numfashi da ƙyar, matarsa na cewa wai ƙwaro ne ya cije shi. Ya riga ya sha ƙwaya ɗaya. Muka garzaya da shi asibiti, kwanansa biyu a kwance, Allah ya tashi kafaɗunsa.

Da na je neman gafara, ya ce tun zuwansa na farko ya faɗa cewa maganin na cutar da shi, ya ga an rubuta, shi ya sa bai maimaita ba. Ya tambaye ni ko na'urar ce ta manta. Na ce ba ta manta ba, Baba, ni ce ban duba ba. Sai ya ce ya yafe.

Daga baya an rage yawan gargaɗin, amma har yau ba na miƙa magani sai na tambayi mai shi da bakina. 'Yan'uwana ma'aikata, ku ji tsoron ranar da hannu zai riga ido. Ku kuma marasa lafiya, duk maganin da ya taɓa cutar da ku, ku faɗa a kowane zuwa, ko da an ce an rubuta.