Katin da Yaya Ya Auna da Hannu

Shekarar da raken yayana ya yi kyau a Kudan, ya ce ya gaji da fadama, zai buɗe shagon gem, wato wasan bidiyo, a Makarfi. Ni na hana shi sayen na'urar gem ta talabijin. Na ce kwamfuta ɗaya za ta yi aikin na'ura uku, in an sa mata manhajar da ke kwaikwayonsu. Sharaɗin ɗaya ne: katin hoton da ke cikinta, wanda ke zana abin da ake gani a allo, sai ya dace da manhajar. Na rubuta lambarsa a takarda.

Muka tafi Zariya tare, wani shagon kayan kwamfuta. Mai shagon ya fito da kati biyu. Ɗaya siriri, shi ne na takardata. Ɗayan ƙato mai fanka biyu, tsohon yayi.

Yaya ya ɗauke su yana jinjinawa, kamar yadda yake jinjina curin mazarƙwaila. Ya ture siririn gefe.

"Malam, wannan ai ba komai a cikinsa. Na yi maka kama da wanda bai san kaya ba?"

"Wane ni, Alhaji!" in ji mai shago. "Daga ɗagawar na san gwani ne ya zo. Babban ya fi giga."

Bai yi ƙarya ba, ya fi giga, wato girman ma'ajiya. Amma na san manhajar ba ta tafiya da irinsa, an daɗe da daina sabunta shi. Na buɗe baki, sai na ga mai shagon da abokansa biyu suna kallonmu. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa yayansa magana a gaban baƙo, balle wanda ya riƙe shi bayan rasuwar uba, ya kai shi makaranta a Ikara. Na ce a raina bari mu keɓe tukuna. Kafin mu keɓe sun tafa, an ce Allah ya sa albarka. Yaya kuwa bai taɓa mayar da cinikin da aka sa wa albarka ba. A mota ma na kasa faɗa.

Ranar buɗewa samari suka cika shagon. Na kunna ƙwallo. Fili ya fito baƙi, 'yan wasa babu kawuna, suna tafiya kamar masu taka laka.

"Oga, wasa ne wannan ko rakiyar gawa?" wani ya tambaya. Aka fashe da dariya.

Mako guda ina sauya saiti, ina sauke wata manhajar bayan wata. Ɗaya ta ƙi buɗewa, ɗaya ta buɗe ta daskare. Samarin suka koma wani shagon gem da ke bakin tasha.

Da na rasa dabara, na gaya wa Yaya gaskiya. Ya dube ni.

"Tun a can ka sani?"

"Na sani, Yaya."

"Amma ka yi shiru."

"Akwai mutane ne."

"Mutanen su suka sare mini raken? Da ka kunyata ni a gaban mutum uku, da ya wuce kafin mu kai Likoro a hanyar dawowa. Yanzu Makarfi duk ta sani."

Kafin damina ya rufe shagon, ya koma fadama. Muna gaisawa yadda ya kamata, har iyali yakan tambaya ɗaya bayan ɗaya. Bara ya je sayen injin ban ruwa, ya wuce ta ƙofar gidana, ya ɗauki maƙwabcinsa.