Maharazu da Kunnuwan da Suka Ƙi Ƙetare Boda

Kullum da safe, kafin masu shayin bakin bodar Jibiya su gama hura wuta, Maharazu mai waifai, wanda ke sayar mana da intanet, yana kan rufin shagonsa yana daidaita farantin kamo sabis da iska ta karkatar. Mutanen Nijar su ɗaga kai su tambaye shi rezo, namu su tambaye shi sabis, shi kuwa amsarsa ɗaya: "Yana hanya." Yanzu gwiwa ta ƙi tsani, zai sauka ya huta, shi ya sa na ce sai na yi masa jinjina yana ji da kunnensa.

Karatunsa guda ne, ya kuma ishe mu da shi. Wai kowane saƙo ƙunshi-ƙunshi ake yanka shi, kuma akwai iyakar girman ƙunshin da hanya ke ɗauka. Wanda ya zarce, sai a yar da shi ba ko sallama. "Ko tuwo loma-loma ake ci," in ji shi. Mun sha yi masa dariya, har Arzika direba ya laƙaba masa Sarkin Loma.

Dariyar ta tsaya ne lokacin da aka rufe boda. Inna Safara'u mai ƙosai, 'yarta Sumayya ta haihu a Maraɗi bayan doguwar naƙuda, ba halin zuwa. Gajeren saƙo yana shigowa wayarta ta waifan Maharazu: an sauka lafiya, namiji ne. Hoton jaririn kuwa ya tsaya dishi-dishi, zobe yana ta juyawa a kansa. Inna ta ajiye matsami, ta daina suya, ta zo shagon idanunta sun yi ja.

"Ɗan nan, ɓoye mani suka yi. In yaron na da rai, mi ya hana in gane shi?"

"Inna, magana ta wuce don ƙarama ce. Hoton ne ya fi ƙarfin ƙofa. Ba ni wuri in rage lomar."

Kai ne, Maharazu, ka durƙusa gaban akwatin waifan nan mai ƙyafta ido, kana rage girman ƙunshi kaɗan-kaɗan kana gwadawa, gumi na ɗiga, tsohuwa na tsaye a kanka tana salati. Arzika da masu shayi sun cika ƙofar, kowa na ba ka shawarar da ba ka nema ba, har da mai cewa a ɗaga wayar wajen arewa. Ni ma ina wurin.

Sai zoben ya tsaya, hoto ya washe. Ga jariri ɓul-ɓul, da kunnuwa fato-fato kamar faifai.

Inna ta ƙura ido, ta fashe da kuka da dariya a haɗe. "Wallahi kunnuwan marigayi Malam ne! Angona ya dawo. Yo dole su maƙale, wace ƙofa ke ɗaukar waɗannan?"

Mun gode, Sarkin Loma, Allah ya ba gwiwa lafiya. Masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi durƙuson Maharazu, domin ba ku san zuciyar da ke jiran saƙon ba. Jaririn nan yanzu yana gudu, kuma duk ranar da aka kawo shi Jibiya, Inna sai ta kama kunnensa ta ja shi shagon Maharazu.

"Gai da shi," take cewa. "Wanga shi ya hiddo ka boda."