Safar Hannu a Kan Ƙusa

Ni ne mai laifi, kuma babu wanda ya sa ni. Na ɓata sunan wani dattijo, mutumin Damagaram, da muke aiki tare a kamfanin jimar fata a Challawa, shekarun da masaƙu ke ta rufewa.

Aikinmu tsamo fatu daga ramin ruwan magani, ruwan da ke cin naman hannu. Safar roba ɗaya ake ba kowa, sai ta shekara. Tawa ta huje a yatsu uku. In an tashi aiki nakan rataye ta a ƙusata.

Wata safiya na tarar da ita babu huda ko ɗaya. Yatsunta a kumbure, kamar da hannu a ciki. Na zura nawa, na ji ɗumi. Tsigar jikina ta tashi. Kullum haka, har kwana tara.

Ran na goma na yi sammako na laɓe bayan tarin fatu. Sai ga dattijon nan ya sauke safata, ya kafa mata baki yana hurawa.

Na yi ihu: "Maye! Jama'a, tofi yake min!"

Ya dube ni, ya mayar da safar kan ƙusa. Daga ranar aka daina sa hannu a kwano ɗaya da shi. Bayan mako guda ya daina zuwa.

Safarsa tana nan a ƙusarsa, kowa na tsoron taɓawa. Ni aka sa in zubar. Da na ɗauka sai na ga huda uku, har da zaren da na taɓa ɗaurewa. Tawa ce. Ashe musanya mana ya yi, hurawar kuma dubawa yake ko tana yoyo.

Na same shi a Panshekara, a ƙofar ɗakinsa. Ya miƙo hannu mu gaisa. Yatsu uku sun zagwanye, babu farce.

Da kyar na ce, "Baba, wane alheri na taɓa yi muku?"

Ya ce, "Ba komai. Don Allah nake son ka. Naka hannun yana da sauran aiki."

Na durƙusa. Na ce, "Baba, ƙarya na yi muku a gaban mutane. Gobe a gabansu zan warware. Ku yafe mini."