Taku Ukun Malam Kefas

Duk wanda ya daɗe a Tudun Wada ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Ana idar da sallar asuba, kafin in ɗora kaskon waina, zai wuce ta ƙofar gidanmu. Dogo, siriri, gorar ruwa a kafaɗa, damin sandunan aduruku a ka. "Maman Suhaibu, an tashi lafiya?" Ba ya ko tsayawa jin amsa. Sai la'asar sakaliya ka gan shi ya dawo, wando duk ƙarangiya. Malam Kefas ke nan. Shekara goma sha ɗaya yana wannan sintiri.

Shekara talatin da biyar ya yi yana jan sarƙar awo a ofishin safiyo. Da ya yi ritaya, maimakon ya nemi inuwa ya rungumi rediyo, sai ya ɗauko wa kansa aiki. Matan ƙauye masu kawo nono da itace kasuwa, gefen babban titi suke bi, tirela na wucewa tana kaɗa musu zane. Tsohuwar hanyar ƙafa da iyayensu suka bi, gonaki sun cinye ta. Shi kuwa ya ce sai ya fito da ita, tun daga bayan Tudun Wada har ƙauyukan da ke gaba da Dutsen Abba, tafiyar wuni guda, ba tare da an raɓi kwalta ba.

Wani wurin filin gwamnati ne. Shekara huɗu yana ɗumama benci kafin a sa masa hannu. Saura kuwa gonaki ne, sittin da bakwai, kowace da mai ita, kowane mai ita da halinsa. Ba saye yake yi ba, roƙo yake. Taku uku kacal, daidai yadda mata biyu masu kaya a ka za su wuce juna ba wadda ta sauke. Kuma ba ya kafa siminti. Ya san halinmu, mu ga siminti a gona mun ga ƙwace. Aduruku yake dasawa, ya kama, ya zama shaida.

Ku tambayi Ɗantsoho, manomin nan mai taurin kai, yana nan da ransa. Sau bakwai yana korarsa. Malam Kefas bai sake ta da maganar ba. Kaka ta yi, sai ga shi da lauje, ya shiga taya shi girbi. Wata kakar ma haka. Ɗantsoho ya gaji, ya yar da laujensa.

"Kai, bawan Allah, ka fi ƙuda naci! Ɗauki taku huɗu ka rabu da ni."

"Uku na ce, Baba. Na huɗun ka shuka kuɓewa."

Malam Kefas, kai ne ruwa, ba ka faɗa da dutse, sai ka zagaye shi. Kai ne ka sa Musulmi da Kirista, manomi da makiyayi, kowa ya matsa kaɗan don wani ya wuce. Gona sittin da shida ka samu. Ɗaya ce ta hana ka.

Tawa ce.

Gonar da marigayi mai gidana, Malam Lawal, ya bar wa marayuna. Wata rana ina suya aka zo aka ce, "Ishatu, kina nan zaune, safiyo ya shiga gonarki." A wurinmu kalmar nan ba ta da wata ma'ana sai fili ya tafi. Ban tambayi kowa ba. Na ɗaure zane, na hau acaɓa, na je na tumɓuke sandunan da Malam Kefas ya dasa kaf, na kawo su gida na tura a murhu. Ɗanyen aduruku kuwa ba ya ci. Ranar hayaƙi ya kori duk masu sayen waina.

Washegari Malam Kefas ya yi sallama, hula a hannu.

"Laifina ne, Maman Suhaibu. Ƙanen mai gidanki na tambaya, da ke ya kamata in fara."

"Dama cin amanar maƙwabci ta fi zafi," na ce.

"Ba ƙwace ba ne. Ba ku ne kuke cewa hanya sadaka ce mai gudana ba? Ladan ya kai wa Malam Lawal har inda yake kwance."

Mutumin coci yana tuna mini da addinina. Maimakon in ji kunya, sai na ji haushi. Na ce ya fita. Sau uku yana dawowa, sau uku ina sa a ce ba na nan, alhali yana jin muryata.

Tsoro ya sa na sayar da gonar da wuri, wai kafin a ƙwace. Wanda ya saya ya zagaye ta da bulo. Shi ya sa yau hanyar, da ta zo nan, sai ta karya ta fita titi, a yi rabin mil a gefen kwalta kafin a koma. A daidai wurin nan bara mota ta kwashi Hajo, mai kawo mini nono shekara ashirin. Ba ta mutu ba, amma ƙugu ya karye, ta daina ɗaukar ƙwarya. Na je dubiya. Tana ta sa mini albarka, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Yanzu gwiwa ta zaunar da Malam Kefas. Makon jiya na je, na durƙusa.

"Na zo neman gafara."

"Tashi, tashi. Ai na ji labari, hayaƙi ya rama mini tuntuni."

Ya yi dariya, ni na kasa. Sai ya ɗauki sandarsa ya zana mini a ƙasa. Bayan katangar nan akwai gonaki huɗu. In masu su suka yarda, hanyar za ta zagaya ta baya, ba mai sake fita titi.

"Da ƙafa tana ɗaukata, da na je," ya ce.

"Ni tawa tana ɗaukata."

Malam Kefas, na gode. Mun gode. Ban iya dogon yabo ba, amma na ga ya fi a faɗa kana ji da kunnenka. Allah Ya saka maka, Ya ba ka lafiyar da za ka taka hanyar nan daga farko har ƙarshe, ko a kan jaki ne.

Ku kuma masu gonakin nan huɗu, kun san kanku. Ranar Asabar za ku ji sallamar mace a bakin gona. Ku fito. Na taɓa ɓuya a ɗaki, na kuma ga abin da ya jawo.